Jirgin Baba a Kife

Zamanin Nasara, kwana arba'in da rasuwar Baba, yayana ya wasa gatari yac ce jirginmu za shi zama itacen bandar kifi. Jirgin nan kakanmu ya sassaƙa shi, Baba kuma ya tuƙa shi cikin gulbin Rima tun daga Goronyo har Wurno, sai da cikinshi yat tsage.

Ni ko ban iya yin shiru ba. Nic ce, "Yaya, ka ba ni har ranar kasuwar Rabah."

"Ki yi mi da shi? Ki dahwa?"

Sana'ata zanen ƙwarya da wuƙa mai zahi. Mu masu zane, kife ƙwarya mukai mu yi aiki ga bayanta, hannu bai san wata hanya ba. Don haka nis sa mata huɗu munka kife jirgi bakin ƙohwa, nih hura wuta. Kwana shidda ina ƙona itace, hayaƙi na sa ni hawaye, wasu hawayen kuma ba na hayaƙi ba ne, kewar Baba ce. Na zana fadamun albasa na Rimawa, da giwar ruwa, da kadan da Baba ke cewa ya kai raƙumi tsawo, alhali mun san ƙari yakai.

Ranar kasuwa yaya ya iso, gatari ga kahwaɗa. Ya zagaya jirgi, sai yab ɓarke da dariya.

"Kai, wagga yarinya! Duk ga gindi kinka yi adon! In anka ɗinke shi anka sa ga ruwa, wa ka gani? Kifi?"

Wallahi sai sannan nil lura. Mata sunka yi ta sowa, ni ma dariyar ta kama ni, amma gatarin bai sauka ba.

Can wajen hancin jirgi dariyarshi ta tsaya. Wurin na zana wani mutum ya duƙa, ya miƙa gora ga ɗan yaro cikin ruwa. Kowa gidanmu ya san yaron: yaya ne, ranar da Baba yac cece shi shekarar babbar ambaliya.

Ya daɗe yana shahwa gorar da yatsa. Sannan yac ce, "Hulata ba haka take ba."

Ya jingine gatari, ya zamna bisa jirgin, yac ce in hura wuta in gyara mashi hular.