Na Koyar Da Addinin Da Ban Sani Ba

A shekarun da Nasara suka naɗe tutarsu muka ɗaga tamu, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, mushen lakol, wato malamin makarantar boko, a Agiye. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Gangara, amma tun ina ƙarami aka ɗauke ni lakol, daga nan sai kwaleji a Maradi. Na dawo gida da Faransanci a baki, da wando mai guga, da raini cike da ciki. Larabcina kuwa na wata shida ne, wanda na tsinta wurin wani baƙo a birni. Da wannan ɗan tsaki nake ganin duk ƙasar babu malami sai ni.

Wata damina dattawan gari suka kawo kuka wurin direktanmu, cewa ƴaƴansu da ke kwaleji sun zo hutu ba sa salla, har kunyar riƙe buta suke ji. Suka roƙa a buɗe musu aji a riƙa koya musu addini kafin su koma. Direkta ya zaɓe ni, ba don komai ba sai don ya taɓa ganin na rubuta bisimilla a kan allo da alli. Ban ce masa ban iya ba. Na karɓa ina hura hanci. Abin da na sani na ƙarar da shi cikin sati biyu, sauran kuwa ƙirƙira nake yi da Faransanci mai daɗi, samarin suna kwashewa cikin kaye, littattafan rubutunsu, kamar wahayi.

Akwai wani dattijo, limamin unguwa, aminin mahaifina, wanda kakanninsa suka taso daga Katsina da littattafansu. Shi yakan zo ya shimfiɗa buzu bakin ƙofa yana saurare, don jikansa na cikin ajin. Ranar da na yi bayanin taimama na ce har ƙafafu ake shafawa, sai ya jira na gama, ya kira ni ɗana, ya ce mini a hankali fuska da hannuwa ne kawai. Maimakon in gode, sai na juya ga ɗalibai na tambaye su da Faransanci ko wani ya taɓa ganin takardar shaidar wannan tsoho mai warin tawada da awaki. Aji ya fashe da dariya, har da jikan nasa. Dattijon bai ji Faransanci ba, amma ya ji dariyar. Ya naɗe buzunsa, ya ce Allah ya ƙara sani, ya tafi. Ni kuwa wawa, ranar har tafiyata ta canza don jin na yi bajinta.

Ba a yi wata guda ba mahaifin wani ɗalibina ya rasu, ɗalibin da ya fi kowa ƙaunata a ajin. Aka yi wa mamacin sutura, aka fito da shi da hantsi, jama'a suka yi sahu, dattijon nan ya matsa gaba kamar yadda ya saba. Sai yaron ya tare shi a gaban mutane, ido jawur, ya ce jahili ba zai sallaci ubansa ba, Mushe ne zai yi. Daga bakina ya koyi wannan kalma. Kowa ya juyo yana kallona. Ni da nake guje wa jana'iza tun ina kwaleji, ina ganin zaman ƙauyawa ne, ban taɓa tsayawa na lura da yadda ake yi ba. Kalma ɗaya ta isa ta cece ni, in ce ban iya ba, amma girman kai ya hana ni. Na shiga gaba, na yi kabbara, na karanta abin da ya zo bakina, sannan na sunkuya na yi ruku'u a gaban gawa. Da na ji tsit na leƙa ta ƙarƙashin hammatata, sai na ga duk sahu a tsaye ƙyam, ni kaɗai ne a duƙe.

Dattijon bai yi dariya ba, bai kuma bari kowa ya yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, komo sahu kusa da ni.” Ya sake sallar daga farko, kabbara huɗu a tsaye, ya sallame. A maƙabarta yaron nan ya dube ni sau ɗaya, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya, bai sake yi mini magana ba har ya koma Maradi. Ajin ya watse da kansa. Mahaifina ya aiko mini in je in ba amininsa haƙuri. Na yi ta cewa gobe, har na nemi buro, wato ofishinmu, ya canza mini gari na gudu Gidan Rumji. A can labarin rasuwar dattijon ya iske ni.

Yau na tsufa, na yi karatun da ya kamata in yi tun farko, a gaban irin mutanen da na raina. Amma duk lokacin da na tuna wancan saurayi mai wando, tsaki nake ja, don ban taɓa haɗuwa da wanda ya fi shi wofi ba. Har yanzu ina ganin ire-irensa a makarantu, sun haddace shafi biyu suna yi wa iyayen ɗalibansu kallon dabbobi. Ku da aka ba ku alli ku koyar da addini, ku ji tsoron Allah. Yara ba darasinku kaɗai suke ɗauka ba, har raininku suke kaiwa gida. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kuma kun ci mutuncin wani, ku je yau, tun yana da kunnen da zai ji ku.