Sunan da Ɗana Ya Laƙaba Mini a Taman Melati

Na je Kuala Lumpur ne tun kafin matar ɗana ta haihu, don in yi mata wankan jego. Shi yana digiri na uku a kan harsuna, ya duƙufa kan Latin, yaren da ya ce masu shi sun mutu tuntuni. A gidansu na Taman Melati ya fara kirana "matarkula".

Bayan kwana biyu na ce ya rubuta mini. Yaƙi da jahilci na yi, ina haɗa baƙi a hankali. Ya rubuta mater, ya ce uwa ke nan. In an ɗaura mata cula a wutsiya, ta koma 'yar ƙaramar uwa. Frater ɗan'uwa, fraterculus ɗan ƙaraminsa. Filia 'ya, filiola 'yar mitsitsiya. Kalmar mace takan zauna mace, ta namiji namiji, wutsiyar ce kawai ke rage su.

"Ƙauna ce, Inna," in ji shi.

"To ƙaunaci 'ya'yanka da ita. Ni ba a rage ni."

"Haba Inna, wasa ne lah," in ji shi, da irin ƙarshen maganar mutanen Malesiya.

Bai daina ba. Tsorona kada jikata babba, mai shekara biyar, ta tashi da shi a baki. Ran nan kuwa ta leƙo kicin tana kirana cin abinci: "Matarkula, makan!" Uwarta ta rufe baki tana dariya.

Ranar suna abokansa suka cika falo. Ya ɗaga murya: "Matarkula, fito ku gaisa!" Wani ya tambayi ma'anar, ɗana ya gyara zama yana fassarawa.

Ɗan fari ne. Shekara talatin da shida sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, don a wurinmu uwa na kunyar ɗan fari. Na fito, na tsaya a bakin ƙofa, na kira shi da sunansa na yanka, gatsau, har sau biyu. Na ce, "Kwashe kwanukan nan."

Baƙin duk 'yan Arewa ne, sun san abin da na yi. Ya tashi ya kwashe.

Tun ranar Inna yake ce mini, a bushe, kamar yana karanta takarda. Har na taho ba mu ƙara zaman hira ba. A filin jirgi yarinyar ta buɗe baki za ta yi mini sallama, ya dafa mata kafaɗa, ta ce, "Kaka." Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba.