Goggo da Jatan Lande

Shekara ashirin da bakwai Goggo ta yi tana dafa kifi a masaukin baƙi na saman dutse, inda mutanen birni ke zuwa hutu idan zafi ya koro su. Ba ta taɓa ganin teku ba, bai kuma dame ta ba. Ruwan da ta sani shi ne tafkin bayan masauki da rafin da ke gangarowa cikinsa.

Da wanke-wanke ta fara a kicin ɗin, shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. A ɗakin da ke jikin kicin ta raine su, a nan kuma take kwana har yanzu. Kifin ruwan daɗi kuwa ta san shi kamar yunwar cikinta. Masunci zai ajiye kwando, ta dubi idon karfasa, ta danna cikinta da yatsa, ta ce, "Wannan ta jiya ce, kai wa matarka."

Da mai masaukin ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Goggo ta goya yaron nan a bayanta, yanzu ga shi da gemu da tabarau. Ya ce baƙin zamani abincin teku suke so, ko da a kan dutse suke. Ya sa wata mota mai ƙanƙara ta riƙa kawo kaya daga bakin teku, tafiyar kwana biyu.

Goggo ta buɗe kwalin farko a gabansa, ta ga jatan lande, da gashin baki da ƙafafu barkatai.

"Ɗan nan, wannan ai fara ce ta faɗa ruwa."

"Ki dafa dai, Goggo. Sun fi kifinki tsada sau biyar."

Ba ta tambayi kowa ba, don ba ta saba tambaya a kicin ɗinta ba. A ganinta, abin da ya mutu ya kwana biyu a hanya, wuta ce maganinsa. Ta zuba su a tukunya, ta ba su rabin awa. Faranti suka dawo kusan yadda suka tafi. Wani baƙo ya aiko cewa kamar silifas yake taunawa.

Goggo ta ce tauri ai rashin dahuwa ne. Washegari ta ba su awa guda cur.

Rana ta uku ɗan maigida ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Goggo, ina jin nauyinki. Amma idan Asabar ta zo a haka, zan ɗauko kuku daga birni. Ke sai ki huta."

Ta san irin hutun. Kukun birni zai buƙaci ɗaki, ɗakin kuwa ɗaya ne. Ta ce, "To," ta ci gaba da yanka albasa.

Ranar Alhamis motar ƙanƙara ta dawo. Direban tsoho ne mai guntun haƙori, a bakin teku aka haife shi. Ya shigo neman ruwan zafi, ya leƙa tukunyar da ke tafasa, ya daɗe yana kallo.

"Uwar ɗakina, me suka yi miki?"

"Kai dai sauke kayanka ka kama gabanka."

"Tun yaushe suke kan wuta?"

"Ba su kai awa ba tukuna."

Ya yi dariya har da tari. Goggo ta ɗaga ludayi, ya ja da baya yana ba da haƙuri. Sannan ya ce uwarsa sana'arta ke nan har ta mutu, a ba shi kasko.

Ya ɗebi guda shida a ruwan sanyi, ya ɓare ɓawon, ya tsaga bayansu da bakin wuƙa ya zare wani baƙin zare. Ya sa man shanu da tafarnuwa a kasko, ya jefa su.

"Kar ki dubi agogo, su za ki duba. Idan suka yi ja suka lanƙwashe kamar ƙugiya, sauke. Idan suka naɗe kamar zobe, kin makara."

Kafin ta gyara ɗankwalinta ya sauke kaskon.

"Ɗanye za ka ba mutane? Ka kashe mini baƙi?"

Ya matsa lemun tsami, ya cinye huɗu a gabanta, ya miƙa mata biyu. Ta ƙi karɓa, amma ta danna ɗaya da yatsa. Laushinsa ya ishe ta bayani.

"Sake yi in gani," ta ce.

Sau uku ya yi, sau biyu ta yi yana tsaye, injin motarsa na ta ruri a waje.

Ranar Asabar faranti suka dawo a suɗe. Ɗan maigida ya leƙo, ya dubi faranti, ya dube ta, ya tambaya ko akwai abin da ya ƙare a sito. Maganar kuku ba ta sake tasowa ba.

Direban ya bar tuƙi bayan shekara biyu, wani ya karɓi motar. Goggo ta aika masa da busasshiyar tarwaɗa kwali guda, ba ta da tabbas ko ta isa. Har yau ba ta sa jatan lande a bakinta ba, ta ce ita ba ta cin ƙwaro. Amma idan baƙi suka aiko a yaba wa mai girki, takan ce wa mai kai abinci, "Gaya musu wani direba ne ya koya mini. Su sa shi a addu'a."