Miyar Taushen da Muka Kai wa Gwaggo

Har na bar Kano ban taɓa ɗora tukunya a wuta ba. Ko ruwan shayi ne, sai dai in ƙwala wa ƙanwata kira. Matata ce ta samu gurbin karatun digiri na uku a Manchester, ni kuma na ajiye koyarwa na biyo ta, muka kama wani ɗan flat a saman shagon aski a Levenshulme. Ita tun da sassafe take hawa bas zuwa jami'a a Oxford Road, ba ta fitowa daga lab, ɗakin bincikensu, sai rana ta faɗi. Ni kuwa aikina na jera kwalaye a sito kwana uku ne kacal a mako. Sauran kwanakin ina zaune a gida, daga ni sai yunwa.

Sati biyu na yi ina cin abincin 'yan ƙasa, na ce a'a, ba da ni ba. Dankali fari fat ba ko ɗigon mai, wake mai zaƙi kamar an jiƙa shi a ruwan alewa, kaza wadda ba ta taɓa jin labarin barkono ba. Kuma su ci wannan abin su lumshe ido su ce lovely. Kai, Allah ya kyauta!

Sai na jingina waya a jikin robar mai, na kunno bidiyon wata mai koyar da girki, na fara. Tuwona na farko da garin shinkafar kanti na yi shi, gudaji ya fi tuwon yawa. Na biyu ya kama, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, mai aski ya hauro da almakashi a hannu yana tambayar ko lafiya. Amma ni mutum ne mai naci. Kafin hunturu ya fita na gane cewa doguwar kabewarsu mai siffar gora ta fi tamu gari in ta nuna. Na gane man gyaɗar da ba a zuba wa sukari ba yana tsaya wa miya daidai, alayyahon ƙanƙara kuma sai an matse shi tas, in ba haka ba miya ta zama kogi. Matata ta dawo a gajiye, ta ci, ta suɗe kwano. Ni kuma kaina ya fara girma.

A waje fa ba wanda ya san ni ke girki. Daddawa da kuka a shagon wata Hajiya 'yar Kumasi nake saye, a kan Stockport Road. Duk ranar da na shiga sai ta ce, "Madam ce ta aiko ka?" Ni kuma in gyara hula in ce, "Ita ce, Hajiya, kin san mata da aike." Ba ni kaɗai ba ne maƙaryacin. In an idar da Juma'a muka tsaya gaisawa da 'yan uwa, duk wanda ka yi musabaha da shi sai ka ji hannunsa yana ƙamshin albasa, wani ma har da tabon ƙunar mai a wuyan hannu. Amma ka saurare su: madam ta yi mana dambu, madam ta yi mana waina. Madam ɗin da tun bakwai na safe tana uni! Ƙarti da gemu, kowa ya san kowa, kowa ya yi shiru.

Ina da gwaggo a Birmingham, ƙanwar mahaifina, ta daɗe a Balsall Heath har 'ya'yanta ba sa iya gaisuwa da Hausa sai sun yi tuntuɓe. Gwaggo ba ta taɓa yafe wa matata karatun nan ba. A wajenta mace ce ta ɗauko namiji ta kawo Turai kamar akwati. Dakta take kiran ta, tana jan sunan yadda kowa zai ji ba yabo ba ne. Abin da duk Gwaggo ta gani, kafin ka gama ɗaura takalmi ya isa kunnen mahaifiyata a Kano.

Da Babbar Sallah ta matso, aka zo maganar abincin sallah. A gidanmu matar ɗa ce ke dafawa ta kai wa manyan dangin miji, kuma da wannan kwanon ake auna ta, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. A duk Ingila Gwaggo ce dangin. Matata na da babin da za ta miƙa wa malaminta a satin, idonta duk ya faɗa. Na ce ta bar min, tuwon shinkafa da taushe ai yanzu ko ina gyangyaɗi zan yi su.

Abu ɗaya ya gagara, yakuwa. Na zaga shaguna ban samu ba, taushe kuwa ba ɗan tsami ai ba taushe ba ce. A kantin Turawa na ci karo da wani jan kara mai tsami, rhubarb suke ce masa, da shi suke yin kayan zaƙi. Na ɗanɗana, na ce yawwa, ga yakuwar Bature.

Matata ta leƙo daga bayan kwamfuta ta ce, "Malam, don Allah kar ka gwada sabon abu a abincin Gwaggo. Yi wadda ka saba."

Na yi tsaki. "Ke da ba ki san inda ludayi yake a gidan nan ba, ke za ki koya min miya?"

Ta koma kan rubutunta. Na yanka karan nan har guda huɗu na antaya.

Da zafinta a tukunya ba laifi. Amma ta yi awa biyu a kula a cikin coach, doguwar motar da ta kai ni da matata Birmingham, ta ƙara wasu a falon Gwaggo ana gaishe-gaishe. Falon cike da ƙawayenta, an sha leshi da turare. Na durƙusa daga bakin ƙofa ina kwasar gaisuwa, sai Gwaggo ta ce a buɗe mata abincin Dakta ta sa albarka. Aka buɗe. Miyar ta tsinke, mai ya koma gefe guda, launinta ya yi wani ja-ja mara kyan gani. Gwaggo ta gutsuri tuwo ta dangwala ta kai baki. Ido ɗaya ya rufe da kansa.

"Dakta, mece ce wannan?"

"Taushe ce, Gwaggo," in ji matata.

"Taushen wane gari?" Ta sa yatsu biyu ta zaro wani dogon zare daga cikin miyar, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. "Jama'a, ku taya ni gani. Da wannan ake ciyar min da ɗa. Ni dai na ce wuyan yaron nan ya ƙara tsawo!"

Falo ya kwashe da dariya. Wata ta ce boko ai ba ya shiga tukunya. Wata ta ce a ba ta ta ɗanɗana, don ta ba da labari.

Matata ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, jira ne. Ni na dafa, abin da ya rage in ce ke nan. Maganar ta zo har maƙogwarona. Sai na hango ta ta isa Kano: wai ɗanku ya je Ingila ya zama kukun matarsa, shi ke tuƙa tuwo tana karatu. Na hango fuskar mahaifiyata, na ji shewar abokaina a majalisa. Na buɗe baki, ga abin da ya fito:

"Gwaggo, a yi mata haƙuri. Karatu ne ya yi mata yawa."

Har yau in na tuna muryata a wannan rana sai in ji ƙyamar kaina. Wai ni ne mai roƙa mata afuwa! Matan suka hau yabo na, kai wannan yaro akwai haƙuri, irinsa sai an tona. Gwaggo ta goge hannu ta yanke hukunci: daga wannan satin, duk Asabar Dakta ta zo Birmingham ta koyi girki, har sai hannunta ya faɗa.

Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Gwaggo."

Asabar ce kaɗai ranar da take samu ta yi rubutu ba lab. A hanyar dawowa na jira ta yi faɗa, na ma tanadi amsoshi. Ita kuwa taga ta juya tana kallo har muka iso Manchester.

Ranar Asabar ta tashi da wuri ta saka kwamfuta a jaka, wai ko za ta rage aiki a cikin mota. Na ce ko in raka ta tasha, ta ce in yi zamana. Na wuni ina kai-kawo a ɗaki, na kasa ko kunna murhu. Da yamma lis ta shigo, gyalenta na ƙaurin manja, yatsanta ɗaya a naɗe da filasta. Ta zauna ta cire takalmi a hankali. Sannan ta zaro littafin da take rubuta sakamakon bincikenta, ta yago shafi ɗaya ta miƙo min. Da kyakkyawan rubutunta ta jera komai: yadda ake soya gyaɗa, lokacin sa daddawa, tsamiya kaɗan in babu yakuwa.

"Ga darasinka, Malam," ta ce. "Sati mai zuwa miyar kuka ce. In kana da tambaya ka rubuta, zan kai mata."