Tabon Roba a Salansar Aro

Shekarar da aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a Wara, ban san kowa ba. Iyalina suna can gabas, ni kuwa daga ɗakin haya sai wurin aiki. Kowa gaishe ni yake da ladabi ya wuce abinsa. Ladabin nan ya ishe ni. Ashe kaɗaici yana iya cin mutum ana tsakiyar girmama shi.

Mutum ɗaya ne bai girmama ni ba, maƙwabcina, wani Bafulatani dillalin shanu. Ranar da ya ji ni Babarbare ne, ya tafa hannu ya ce Allah ya kawo masa bawa har gida. Wasan Fulani da Barebari ke nan, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Daga ranar, kullum da yamma sai ya leƙo ya tsokane ni, in rama, mu sha shayi a ƙofar gida. Gaskiya tun safe nake jiran wannan tsiyar tasa.

Ya sayi sabon mashin, salansarsa tana ƙyalli har kana ganin fuskarka a jiki. Wata Asabar ya ji zan je Yawuri sayayya, sai ya jefo mini makulli.

“Amshi,” in ji shi. “Kar a ce bawana na tsayuwa bakin hanya jiran mota.”

Damina ce. A hanyar dawowa na faɗa wani taɓo kusa da bakin ruwa, mashin ya karkace, na kai ƙafa in tokare, dunduniyar takalmina na roba ta manne a salansa. Warin ne ya fara gaya mini. Na duba, ga baƙin tabo shimfiɗe kamar an shafa kwalta. Aboki ɗaya gare ni a duk garin, ga abin da na yi wa kayansa.

Ban shiga gari ba. Na tura mashin gindin wata tsamiya inda masunta ke shanya raga. Na taɓa ganin yadda 'yan kabu-kabu ke yi: a ta da inji sai salansa ta ɗau zafi roba ta yi laushi, sannan a kankare da itace, don wuƙa tana barin zane. Na tsaga karan dawa na yi ta turawa a hankali, robar tana naɗewa tana hayaƙi, har na ƙone yatsa. Da ta huce na roƙi kalanzir wurin wata mai suyar kifi, na goge sauran da tsumma, na bi da toka. Na wanke mashin kaf a bakin ruwa. Salansar ta fi yadda aka ba ni ita haske.

Na same shi a ƙofar gida, da gani ya shirya bakinsa. Ya zagaye mashin yana neman abin da zai kama ni da shi, bai samu ba. Sai idonsa ya sauka a kan takalmina da ya narke, sannan yatsana. Ya koma ya daɗe yana kallon salansa.

“Can ka wuni kana gyaranta kai ɗai?”

Na ce ai ba a mayar wa mutum kayan aro da tabo.

“Da ka kawo min ita da tabonta, da na samu abin yi maka dariya har kaka,” in ji shi. “Ashe baƙo na ba aro.”

Na yi dariya, ina zaton cikin wasan ne. Shi bai yi ba.

Har yau maganar nan tana ba ni haushi. Haka aka rene ni, in ka ɓata ka gyara, kada mai kaya ya gani. Shi kuma a wurinsa, wanda ya ɓoye maka ɓarnarsa bai ɗauke ka nasa ba. Na so in yi bayani, amma yaya za ka roƙi mutum ya ci gaba da zaginka?

Washegari da yamma na dafa shayi, na zuba kofi biyu na fito. Ya zo wucewa a kan mashin, ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu. Ya tambayi lafiyata, da aiki, da labarin iyali, ɗaya bayan ɗaya bai tsallake komai ba. Na amsa, ya yi gaba. Na zauna har aka kira magariba, na shanye kofi biyun ni kaɗai, na biyun ya riga ya huce.