Hannun da Ya Iya Zana Sama

Duk sa'ad da na jiƙa takarda zan fara zane, ƙamshinta yakan mayar da ni bakin gulbin Argungu a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta sunkuyar da kai. A can na koyi zane da fentin ruwa, a can kuma aka lalata hannun da na koya da shi. Bari in ba ka labarin daki-daki.

Ni bahago ne. A gidanmu wannan aibi ne babba. Hagu na tsarki ne da kwasar ƙazanta; ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, ba a rubutu da shi. Baba ya fara da tsawa, ya koma bulala, daga baya yakan ɗaure mini hannun a baya da igiya in an kawo tuwo. Da na iya ci da rubutu da dama, sai aka ɗauka magana ta ƙare.

Kawuna, ƙanen Inna, malamin firamare ne a Birnin Kebbi. In an yi hutu yakan zo da gwangwanin fenti da buroshi da ɗan katakon da yake manna takarda. Shi ya zaunar da ni bakin gulbi ya koya mini tsarin, kuma har yau ban sauya shi ba. Da farko ka jiƙa takarda. Sai ka shafa sama tun da sauran laima. Sai abin da ke nesa, da launi mai ruwa-ruwa. Sannan na kusa, da mai kauri. Inda rana ta faɗa kan ruwa ka bar takarda fara, don in ka taɓa wurin babu gyara.

Sama ita ta gagare ni. Takarda ba ta jira, hannuna na dama kuwa nauyi gare shi. Kafin in ja shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan ta bushe, gajimare ya fito layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in mayar da buroshin ɗaya hannun. Na waiga, ba kowa. Na ja sau ɗaya, shuɗin ya bazu sumul har ya narke cikin fari. Kullum bayan la'asar haka muka riƙa yi har hutun ya kusa ƙarewa.

Ran da abin ya faru, Baba ya taso daga fadama da wuri, fartanya a kafaɗa. Ban ji tahowarsa ba, inuwarsa na gani a kan takarda.

"Wane hannu na wanga?"

Bai jira amsa ba. Ya take wuyan hannuna a kan katakon, ya juya fartanya ya sauke mini ƙotar a kan yatsu. Na ji ƙarar tun kafin zafin, kamar an karya busasshen kara. Ya ɗaga ya ƙara. Kawu ya yi kansa, suka kife cikin laka. Baba ya naushe shi a baki har haƙori ya fita, shi kuma ya rarumi katakon ya fasa wa Baba goshi. Jini ya ɗiga kan jiƙaƙƙiyar takarda yana bazuwa. Masunta ne suka bar jiragensu suka raba su da ƙyar.

Kawu ya tofar da jini ya ce, "Yaya, kai ka halicce shi, ko Allah?"

Baba ya ce, "Ɗana na. Koma Birni ka lalata ɗiyan wasu."

Mai ɗori ya ja yatsun ina ihu, Inna na danne ni tana kuka, ya ɗaure da kara. Biyu daga ciki sun warke a lanƙwashe, ba sa riƙe ko allura. Kawu bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Baba.

Ban bar zane ba. Na horar da dama har ta bi. Yanzu ina koya wa 'yan koyo a zaurena a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, kuma ba na wasa: wanda ya fara da jirgi kafin ruwa, sabuwar takarda zai ɗauka. Zamani dai ya sauya. Yara bahagwai suna zuwa, iyayensu ko kula ba su yi ba. Gidaje da jirage da itatuwa ni nake nuna musu, suna fita tsaf. Amma in muka zo kan sama, sai in jiƙa takarda, in kira wata ƙaramar yarinya bahaguwa daga ajin in miƙa mata buroshi. Ni in tsaya gefe ina faɗin tsarin da baki.