Tsakanin Rijiya da Giginya

Innata ba ruwanta da zane. Kalandar ɗakinta ma don ta rufe tsagar bango aka rataye ta. Shi ya sa na yi mamaki ranar da ta ce in tsayar mana da adaidaita sahu, za ta je kallon zane-zanen da aka baje a sabon wurin shaƙatawa na Tarauni.

A da wurin gidan wani attajiri ne, bene da lambu. Babana direbansa ne, kuma a ɗakunan ma'aikata suka fara zama da Inna. A nan ta haifi wana, ɗanta na fari, wanda bai kai ranar suna ba. A cikin gidan aka binne shi, yadda akan yi wa jarirai a lokacin. Da magada suka bar wa hukuma gidan, sai aka rushe ɗakunan, aka cike rijiya, aka dasa ciyawa. Inna ta sha tasowa daga Gyadi-Gyadi ta dudduba, ta koma ba ta gane inda kabarin yake ba. Ba ta kuka, amma abin yana cin ta, ni ma yana ci na.

Masu zanen duk gaban gidan suka so: ƙofar ƙarfe, baranda, ɗawisu. Ɗawisu kam ya sha zane, har da wanda ya fi kama da talotalo. Inna ta wuce su ko waiwaye babu.

Sai can ƙarshe muka iske wani ɗan ƙaramin zane da wata budurwa ta kwaikwayo daga tsohon hoto: ɗakunan ma'aikata, igiyar shanya, rijiya, giginya, da kusurwar bene. Inna ta tsaya. Ta daɗe har mai zanen ta taso tana murna.

"Mama, ya burge ki? Tun safe ba wanda ya tsaya a nan."

"'Yar nan, rijiyar nan haka take a hoton, ko ke kika matsar da ita?"

"Ban taɓa komai ba, Mama."

"Allah Ya yi miki albarka."

Yarinyar ta ce mini ba ta taɓa samun yabo mai daɗi irin wannan ba. Ban gyara mata ba.

Benen yana nan, giginyar ma ba a sare ta ba. Inna ta fita ta daidaita su yadda suke a zanen, ta gano inda rijiyar take a da, ta taka a hankali zuwa tsakaninta da giginya, ta tsaya. Lilo ne a wurin. Yara sun yi layi suna faɗa a kan wa zai hau, ƙafafunsu duk sun kwashe ciyawar.

Inna ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta shafa, ta ci gaba da kallon yaran.

Na ce, "Inna, in yi wa masu kula da wurin magana a ɗauke lilon?"

Ta ce, "A kai shi ina? Shekara da shekaru yana kwance shi kaɗai. Bar masa su."